Hoto Na Bakwai

Sudbury, Talata, ƙarfe tara saura kwata.
Ƙanƙara ta binne motoci har wuya.
Na karkaɗe takalmi a ƙofar kotu,
fayil a hammata, kofi ya huce a hannu,
bakina ɗauke da tambaya arba'in da ɗaya.

Rheal Gauthier na kan benci yana jirana,
cikin kwat ɗin ƙanensa, hannun rigar ya gaza.
Shekara sha tara yana sauka ramin ma'adinai,
yatsun da ke fasa dutse
yau sun kasa saka maɓalli.
Wata takwas an hana shi taka ƙofar gidansa,
an hana shi ko gaisuwa ta waya.

Ya ce, "Ban buge ta ba. Riƙe ta na yi."
Na ce, haɗiye wannan, kar ka ce uffan sai na ce.
Ni ba limamin cocinku ba ce,
ba a biyana in leƙa cikin zuciya.
Hukuma ta ce ka yi, to hukuma ta kawo hujja.
In da ɓaraka a ɗinkinta zan zura yatsa,
abin da nake ci da shi ke nan a duniya.

Aka kira Noreen.
Ta rantse, ta zauna, ba ta dube shi ba.
Mai gabatar da ƙara ya jera hotuna a allo.
Na bakwai damtsenta ne:
shatin yatsu huɗu a gaba, sun yi shuɗi,
babban yatsa shi kaɗai ta baya.

Na miƙe, na sassauta murya.
Kin gaya wa ɗan sanda ƙarfe goma,
yau kin ce sha ɗaya. Wanne za mu riƙe?
Kin ce a kicin, takarda ta ce a matakala.
Kwalba nawa aka buɗe a daren?
Wa ya fara jifa da faranti?
Ta ce, "Ni."
Ɗaki ya yi tsit, sai hucin bututun ɗumi.
Ta ce, "Farantina bango ya samu.
Hannunsa ni ya samu."
Wannan ba ta cikin arba'in da ɗaya.

Tsohuwa Lahti, maƙwabciya, ta shigo da sanda.
Ta ji ihu ta bango, ta ji faɗuwa.
Na ce, kin gani? Ta ce, "Kunnena ya gani."
Na ce, na'urar jinki tana kunne a daren,
ko tana kan tebur, kusa da kofin haƙora?
Ta daɗe tana kallon sandarta.
Na zauna. Na ci wannan. Na ji kunya.

Ƙarfe uku alƙali ya tuɓe tabarau.
Ya ce mai yiwuwa ya yi, ƙila ma ya yi,
amma ƙila ba ta ɗaure mutum.
Shakka ta rage, shakka kuwa rabon wanda ake tuhuma ce.
An sallame shi.
Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

A baranda Rheal ya fashe da kuka,
ya cafki damtsena yana godiya.
Ta cikin ulun rigata na ƙirga su:
huɗu a gaba, ɗaya ta baya.

Ta taga na hango Noreen a filin motoci,
ba safar hannu,
tana kankare gilashi da katin banki.

Da dare na naɗe hannun riga gaban madubi.
Ba shati, ba shuɗi, fata lafiya.
Ba abin da zai tsaya a gaban alƙali.
Na kashe fitila.
Gobe Laraba, akwai wani fayil,
na riga na rubuta tambaya ta ɗaya.